Fayil Ɗin da Muka Kira Makara

Gwamnati takwas na gani a cikin kwamfuta, babu wadda ta nemi shawarata kafin ta hau. Masu ilimi suna kiran abin nizam, wato tsarin da ke tafiyar da na'urar, wanda idan ka kunna shi ne ke fara tarbarka. Ni da na tsaya a aji huɗu gwamnati nake ce masa, don halinsu ɗaya: ka bar wata jiya, ka tarar da wata yau, an sauya tuta, an kwashe ofisoshi an kai inda ba ka sani ba, a kuma ce duk don jin daɗinka aka yi. Amma ba tarihin mulki na zauna rubutawa ba. Akwai mutum ɗaya da na goge da yatsana, taubashina, na kuma yi shekaru ina neman yadda zan mayar da shi cikin mutanensa.

A kambo ɗaya aka haife mu a Jazira, cikin bukkokin masu tsinkar auduga. Uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka tun muna tsirara muke zagin juna da izinin manya. Shi ya taɓa makarantar tsakiya, yana iya karanta Turancin jikin gwangwani. Ni na fito da Larabcin da ya ishe ni buga wasiƙa da yatsu biyu. Muka shigo birni, muka yi dako, muka yi gadi, a ƙarshe muka sami wani lungu a Kasuwar Umdurman, tsakanin wani tela da mai kayan yaji, muka ajiye tafireta. Ni ina kwana Kalakla, shi kuwa ya auri 'yar masunta ya tare can Jabal Awliya. Da yake hanyarsa ta fi nisa, ni ke buɗe shago da safe, shi ya iso bayan azahar yana ƙarnin kifi ya karɓi kujera.

Muna buga koke, da wasiƙa, da katin biki. Amma abin da mutanenmu suka san mu da shi takardar rasuwa ce. Shafi ɗaya ne: baƙin layi a kewaye, aya a sama, sunan mamaci da manyan baƙaƙe, sai a jero mahaifin wane da wance, ɗan'uwan wane, zaman makoki a gidan wane. A manna a ƙofar masallaci da bangon gidan burodi da turken wuta. Wanda bai taɓa samun takarda da sunansa ba duk tsawon ransa, ranar yakan samu.

Gwamnatin farko baƙa ce wuluk. Taubashina ne ya kinkimo ta daga wani ofishi da ya tashi. Ba hoto, ba gaisuwa. Wani ɗan farin tsinke ne kawai a kusurwa yana ƙifta ido, yana jiran ka yi magana, idan ka kuskure harafi ɗaya ya ce bai san zancen ba. Mulkin soja ke nan tsantsa. Ni dai tsayawa nake daga gefe da hannu a baya, kamar wanda aka kira ofishin 'yan sanda. Kwana uku taubashina ya yi yana lallaɓarta kafin ta yarda ta zana baƙin layin nan, ta kuma ajiye ayar a tsakiya ba ta karkace ba. Da ya gama ya share gumi da hularsa ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, wallahi ba na sake wannan wahala. Wannan ɗaya ta ishe mu. Duk wanda ya mutu, a goge na jiya a sa na yau."

Gwamnatin ta ce a ba fayil ɗin suna, kada ya wuce harafi takwas. Ya dube ni, ya buga MAKARA.

Na ce, "Ba ka da kunya."

Ya ce, "Ta masallacinku guda nawa ce?"

Ɗaya ce. A nan angareb ake ɗaukar gawa a kai, gadon igiya, amma tsofaffinmu ba su daina cewa makara ba. A sauke wannan, a ɗora wancan. Haka aikinmu ya zama: a buɗe, a goge, a rubuta, a buga, a ajiye. Mamaci yana nan kwance a ciki har sai wani ya zo ya tashe shi. Wani ya kwana ɗaya, wani ya yi mako biyu idan gari da lafiya. Abin da na koya ke nan a kwamfuta, ban kuma ƙara komai a kai ba, don ragowar duk na taubashina ne.

Gwamnati ta biyu toka-toka ce, ta farar hula. Ita ta zo da ɓeran nan mai dogon wutsiya da ake turawa a kan tebur, da tagogi, da kwandon shara wanda idan ka jefa abu sai ya tambaye ka ko da gaske kake. Tana da kiɗa idan ta farka. Da muka kawo Makara gidanta sai Larabcin duk ya rikiɗe ya zama rubutun aljanu, taubashina ya sake bugawa daga farko yana tsine mata, amma bai sauya sunan ba. Abin da ya fi ba ni haushi da ita, wa'azi. A lokacin wuta takan ɗauke sau uku kafin la'asar. Duk sanda ta dawo sai allon ya yi shuɗi, ya tsaya yana bincike yana rubuta wani dogon zance.

Na ce wa taubashina, "Me take cewa?"

"Ta ce ba ka kashe ta yadda ya kamata ba. Ta ce nan gaba ka nemi izini."

"Ni na ɗauke wutar?"

"Ba ta tambayi wanda ya ɗauke ba. Kai ta gani a kujera."

Na ce lallai wannan ta san aikin gwamnati.

Sai ta uku, wadda har gobe idan na rufe ido ita nake gani. Koren tudu ne, sumul, ba itace ba akuya, sama shuɗiya da 'yan gizagizai. Mu da muka tashi a Jazira, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, ba mu taɓa ganin irinsa ba. Wata tsohuwa ta zo a buga mata rasuwar yayanta, ta tsaya ta ƙura masa ido har tela ya miƙo mata kujera. Ta ce kakarta ta ba ta labarin wurin nan, can yamma ne, inda suka baro da ƙafa za su hajji. Taubashina ya buɗe baki zai gyara mata, na take masa ƙafa. Ta shafa gilashin da bakin mayafinta ta ce, "Ashe yana nan."

Wannan gwamnati ita ta raba mana gida. Idan ka kunna sai ka ga ƙofa biyu, kowace da suna da ɗan hoto, kowa ya shiga ta tasa. Taubashina ya zaɓar wa kansa kifi. Ni kuwa da na zo da safe na tarar ya liƙa mini agwagwar roba, rawaya, mai jan baki. Ban san yadda ake sauyawa ba, shi kuma ya rantse bai sani ba. Tun daga ranar na zama Agwagwa, har mai shayin layinmu haka take kirana, ni kuma na rama da Ɗan Kifi. Makara ita kaɗai ya ajiye a tsakar gida, inda kowannenmu zai iya kaiwa ta ƙofarsa.

Akwai kuma kare. Idan abu ya ɓace maka a cikin na'urar, wani rawayen kare ne ke fitowa ya nemo maka. Na yi magana da babbar murya, na ce ba a ajiye kare a shagon da ake rubuta aya. Taubashina ya ce in bar shi, shi kaɗai ne ma'aikacin gwamnati da ke kaɗa wa talaka wutsiya. Ranar da muka haɗa na'urar da layin waya kuwa, ba a jima ba sai ga wani rubutu a kusurwa, wai wannan nizam namu ba na asali ba ne. Mun yi dariya har mai kayan yaji ya leƙo. Taubashina ya sunkuya kusa da allon ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa. Mu ma haka aka ce mana a ofishin jinsiyya, wurin takardar ɗan ƙasa. Ka ce a nan aka haifi kakanka, ka nemo shaidu." Ya yi dariyar, amma na ga ya daɗe yana kallon rubutun bayan ni na gama tawa.

A zamanin koren tudu uwar 'ya'yana ta rasu. Ina zaune a rumfar makoki aka kawo mini takardar, taubashina ne ya buga, bai kuskure ko ɗigo ba. Bayan kwana uku na koma shago, na shiga ta ƙofar agwagwa, na buɗe Makara don wani dattijo daga Kalakla, na tarar da ita kwance a ciki. Ɗan dattijon yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na goge ta. Ban gaya wa kowa ba, amma ranar ban iya cin ful ba, dafaffen waken nan da muke ci kullum.

Shekaru kaɗan bayan haka, wata Laraba, azahar ta wuce, la'asar ta kusa, kujera tana jira. Sai wayar shago ta yi ƙara. Taubashina ne ya faɗi ya cika a tashar mota a Jabal, da ƙunshin soyayyen kifi a hannu wanda zai kawo mana. Babu mai bugawa sai ni. Na buga shi da yatsuna biyu, na ajiye shi a Makara, na liƙa kwafi ɗaya a bangon shago, na tafi jana'iza. Kwana biyar ya yi a ciki. A na shida wani ya zo, uwarsa ta rasu.

Yanzu yara suna ce mini ai da sai in ajiye shi da wani suna daban, in buɗe sabon shafi. Ban iya ba. Wanda ya iya shi ne a kwance. Ko da na iya ma, ina jin muryarsa: ta masallacinku guda nawa ce? Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa. Ban share shi gaba ɗaya ba kamar yadda nake wa sauran, harafi harafi na bi, daga baya. Sunan kakansa ya tafi, sunan ubansa ya tafi, sai nasa ya rage, sai rabinsa. Da mutumin ya fita da takardunsa na kira karen nan, karo na farko a rayuwata, na rubuta masa sunan. Ya sunsuna ƙasa, ya tona, ya dawo ya zauna ya ce babu.

Ƙofar kifi kuwa tana nan. Kullum da safe ita ce a sama, agwagwa a ƙasa. Wata rana na daure na taɓa ta, ta nemi kalmar sirri. A gefe akwai ɗan maɓalli da ke tuna wa mai ƙofa idan ya manta. Na danna. Sai ga rubutu, Hausa da baƙaƙen Larabci, irin nasa: "Ba naka ba ne, Agwagwa." Na waiwaya baya, wallahi na waiwaya. Babu kowa sai tela yana zare lilo a bakinsa. Daga ranar nakan danna shi kowace safiya kafin in yi bisimillar aiki, a zage ni, sannan in shiga tawa ƙofar.

Saboda haka da gwamnati ta huɗu ta zo na ƙi mubaya'a. Na gan ta a shagon mai hoto, duk gilashi ce, tana sheƙi, ba ta motsa komai sai ta tambaya: ka yarda? ka tabbata? ka ba da izini? Kamar amaryar da aka ce ta kula da kanta a gidan dangin miji. Ba ta daɗe ba aka hamɓarar da ita. Ta biyar shuɗiya ce mai hankali, kowa yana yabonta, ni dai ina kan tuduna. Duk wanda ya ce in sabunta sai in ce masa akwai mai ɗaki a ciki, ba ya nan, ba a rushe gida mai shi ba ya nan.

Zafi da ƙura suka yanke hukuncin da na ƙi yankewa. Wata hantsi na'urar ta yi tari, ta yi wari, ta yi shiru. Babbar 'yata malamar makaranta ce a Kalakla, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ita ta ɗauki akwatin ta kai wa mai gyara, ta dawo da wata sabuwa mai shuɗiyar gwamnati, ta buɗe mini ƙofa da sunana na yanka. Ta ce an ceto Makara. Na ce kifin fa? Ta ce, "Baba, ƙofa ba ta tashi daga gida zuwa gida." Na zauna, na buɗe Makara don in ga ko layin bai karkace ba.

Shafi ɗaya na sani. Abin da ya buɗe ya wuce shafi ɗaya nesa. Sunaye ne, ɗaya manne da ɗaya, waɗansu ja waɗansu shuɗi, kowanne da layi ratse a tsakiyarsa. Na ja ƙasa, suna ta zuwa. Yayan tsohuwar nan mai tudu. Limamin da ya ɗaura mini aure. Mai dakon da jirgin ruwa ya kife da shi. Jariran da ba su kai shekara biyu ba. Mutanen da na goge da hannuna na kuma manta na taɓa saninsu, ga su nan da 'ya'yansu da gidajen makokinsu, a cunkushe kamar motar Jabal da yamma. Sai ga ta. Uwar 'ya'yana, da layi a kanta, amma ana karanta ta sarai. Uwata ta rufe baki da hannu.

Da ta dawo hayyacinta ta yi mini bayani. Akwai wani abu a shirin rubutu da idan an kunna shi yakan riƙe abin da aka goge. Wani ya kunna shi tun zamanin koren tudu, tsohon shirin yana ɓoyewa, sabon kuma ya ga babu dalilin ɓoyewa. Wa ya kunna? Ni dai ban san inda yake ba. Ko taubashina ya yi da gangan, ko kuwa yatsun nan nasa masu kauri kamar tarwaɗa ne suka danna bisa kuskure, Allah kaɗai ya sani. Ta nuna mini yadda zan lulluɓe su idan zan buga takarda. Ta kuma nuna mini wani maɓalli, wai karɓi duka, danna ɗaya fayil ya koma tsaf.

Na ce, "Uwata, idan kika taɓa wannan, ki nemi wani uban."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ina neman mutum ɗaya. Ba ya ciki. Na sake bi daga sama. Ba kowa ba ne ya fito, akwai giɓi nan da can, amma daga makon da ya rasu jerin ya yanke ƙaf, babu shi, babu duk wanda ya biyo bayansa. Uwata ta ce ba ta san dalili ba, ƙila fayil ɗin ne ya gaji. Ni na san dalilina. Mutum ya yi kwana uku yana gina makara, ya ɗauki kowa a kanta, nasa lokacin ya zo na ba shi kwana biyar na tashe shi saboda baƙo.

Sai na ce bari in gyara. Tunda abin da aka goge yana zama, na rubuta cikakken sunansa na goge. Ya ɓace fes. Na sake. Ya ɓace. Na rubuta na bar shi ya kwana, na rubuta ranar Juma'a, na rubuta da alwala. Duk sanda na ɗora yatsa sai ya tafi bai bar ko inuwa ba, ga sauran kuwa suna kwance da layinsu suna kallona. Na ce, "Ɗan Kifi, fushin ya isa haka." Bai amsa ba. Wanda ya saba zagina kullum safe, shirunsa ya fi zagin ciwo.

Haka na ratsa sauran gwamnatocin da tsoro. Ta shida ta zo da fale-falen launi kamar bangon banɗakin otal, ta kuma sace maɓallin kusurwa da kowa ke fara aiki da shi, har mai hoto ya zo yana tambayata, ni, yadda ake kashe na'ura. Ta bakwai ta mayar da maɓallin ta ce a yafe, amma ita ba ta tambayar kowa komai. Kana cikin aiki, mai gawa yana tsaye, sai ta ce kada ka kashe, tana gyara kanta, wasu ɗigogi su yi ta zagaye kamar carbi a hannun wanda ba ya sauri. Duk sanda ta gama, kafin komai sai na buɗe Makara na ga ko an kwashe mini mutane. Uwata ta sa mini su a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil, na rataya a wuya da igiya. Mai shayi ta ce Agwagwa ya yi laya da tsufa.

Sai yaƙi ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, kowa yana da nasa. Mun fita da abin da ke jikinmu, muka yi gabas wurin dangi. Da muka dawo na je Umdurman na ga layinmu. Na gane wurin shagon ne da ƙarfen keken tela. Bangon da takardar taubashina ta yi shekaru a kai baƙi ne ƙirin. Na hau mota na tafi Jabal in yi masa addu'a, na tarar an tsige allunan ƙarfen da ke kan kaburbura, an kuma cusa sababbi a tsakanin tsofaffi. Na yi ta zagaye har rana ta take, na ɗaga hannu a kan wani tudun ƙasa da ban san ko na wane ne ba. 'Ya'yansa sun watse, matarsa ta riga shi. A duk faɗin ƙasar nan babu inda aka rubuta cewa ya taɓa zuwa.

A makarantar su Uwata kwamfuta ɗaya ta tsira, don wata malama ta naɗe ta da bargo ta tura ƙarƙashin buhunan gawayi. Suna kunna ta da hasken rana. Gwamnati ta takwas ce a ciki, ta kwaso maɓallin kusurwa ta dasa a tsakiya, ban ma tanka mata ba. Labari ya bazu cewa tsohon nan yana da sunaye a wuya. Mata suka fara zuwa da hantsi, wannan tana neman ubanta, waccan tana son ta ji sunan kakan mijinta don takarda. Uwata ke dubawa, don idona ya yi rauni. A cikin dubawar ne ta lura idan ta ajiye kibiyar ɓera a kan suna, wani ɗan rubutu yana fitowa. Ta gwada wannan, ta gwada wancan, ta daɗe. Sai ta ce, "Baba, matso."

Na matso.

"Wannan Baffa ya rubuta, kai ka goge. Wannan kai ka rubuta, Baffa ya goge. Inna, Baffa ya rubuta, kai ka goge." Ta ja ƙasa. "Duk haka suke. Babu ko ɗaya da hannu ɗaya ya rubuta ya kuma goge. Idan kai ka sa kai ka cire, ɗauka take ka fasa ne, sai ta manta. Sai wani daban ya goge take riƙewa."

Wato giɓin nan, waɗanda suka mutu safe da safe ne a hannuna, ko yamma da yamma a hannunsa. Wato da ya tafi, na yi shekaru ina ɗaukar gawa ni kaɗai, ina zubarwa a hanya ban sani ba. Ba fushi yake ba. Wanda zai kama ɗaya gefen ne babu.

Na ce, "To buɗe ƙofa biyu."

Ta buɗe, tawa da tata. Ta tambaye ni hoton da za ta sa mini, na ce ta nemo agwagwa, ta ce wannan gwamnatin ba ta da ita, na ce ai na san ba za ta yi abin kirki ba. Na zauna na buga shi da yatsuna biyu: sunansa, na ubansa, na kakansa, mahaifin wane da wane, taubashin wane. Na ajiye. Na tashi daga kujerar kamar yadda nake tashi idan an kira azahar. Ta shiga ta tata ƙofar, ta buɗe Makara, ta ɗora yatsa, ta kasa.

"Baba, in goge Baffa?"

"Goge shi, Uwata. Daga baya, a hankali."

Sunan kakansa ya sauya launi, layi ya ratsa shi, ya tsaya. Na ubansa ya tsaya. Nasa ya tsaya. Na sa tabarau na cire, na sake sawa. Yana nan, a ƙasan jerin, shi kaɗai da launin da ba irin na kowa ba, kamar dai yadda ya saba shigowa taro da rigar da ba ta dace ba.

Na ce, "Azahar ta wuce tuntuni, Ɗan Kifi. Sai yanzu ka ga damar isowa."

Matan da ke jira a bakin ƙofa suka ɗauka kuka nake, ɗaya ta miƙo mini ruwa. Na sha, na ce wa ke da wanda aka binne ba takarda? Duk suka ɗaga hannu. Tun ranar, idan an tashi yara, ni in rubuta, Uwata ta goge, mu yi ta yi har hasken ya ƙare. Waɗanda na zubar a shekarun kaɗaicina ma ina tuno su kaɗan kaɗan, wasu da rabin suna.

Na riga na bar wasiyya. Ranar tawa ita za ta rubuta, amma kada ta kuskura ta goge da hannunta. Ta kira mijinta ya shiga ta tasa ƙofar. Na san zai yi da kyau, ya daɗe yana jiran wannan aikin. Roƙona ɗaya, a sa ni a ƙarƙashin Ɗan Kifi, ba a samansa ba. Haka ƙofofin suke, kuma idan na tarar da shi ba na son mu fara da rigima.